Waliyyina Kurma Ne

Sallama gare ku, masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in rage taurin kai kafin mijin ya gudu. Na gode, 'yar uwa, amma gyara zama ki ji yadda ta kaya. Wanda kuma yau ya fara shigowa, ga ni a taƙaice: sunana Rufaida, 'yar Anka ce ni, babana Malam Makau tela ne, kuma kurma ne. Sanƙarau ya ɗauke masa ji tun yana ɗan ƙarami, maganar ma ta bi jin ta tafi. Da hannu muke hira a gidanmu. Inna ta ce na iya cewa "ba ni" da hannu tun kafin bakina ya buɗe, kuma wai har yau ita ce kalmar da na fi ƙwarewa a kanta.

Kada wanda ya ce zai tausaya mana, ba ma bukata. Duk unguwarmu babu wanda ya kai Baba iya tsiya. In ya tashi kwaikwayon tafiyar ƙanwarsa Goggo Hure, sai kin riƙe ciki.

Saurayin kuwa Junaidu ne, ɗan Malam Mahmuda na Gummi, gidan malamai gaba da baya. Shi ke jan baƙi in mahaifinsa na tafsiri, kuma muryar nan tasa, ba don ni ke faɗa ba, tana sa tsofaffi hawaye. A wa'azin mata na Islamiyyarmu muka haɗu. Ni ce ke hawa benci a jikin taga, inda haske yake, ina juya wa kuramen mata abin da ake faɗa, wasunsu har daga Bagega suke hawo mota. Ranar da aka gayyato Malam Mahmuda, ya kwararo bayani ba birki, har kafaɗuna suka yi tsami. Na aika a ce masa don Allah ya riƙa numfasawa, hannu ba ya gudun baki. Junaidu aka ba saƙon, shi kuma ya ce sai ya ga wace mai ƙarfin halin ce ke aika wa babansa doka. Ya gani, bai kuma daina zuwa gani ba.

To ga inda matsalar take. Lokacin auren yayata Sahura, Baffa Saminu, ƙanen Baba, shi ya yi walicci. Baba yana zaune a gefen tabarma cikin babbar rigarsa, ana ta motsa baki bai san me ake ciki ba. Da aka watse ya shigo gida, ya same ni ina wanke-wanke, ya tambaye ni da hannu: "An bayar da ita?" 'Yarsa ta fari. Sai da na wanke kumfar hannuna kafin na ba shi amsa, don in samu lokacin haɗiye kukan. Tun ranar na ƙudurta a raina: ni dai Baba ne zai bayar da ni, kuma sai ya san duk kalmar da aka faɗa a wurin.

Da aka sa ranarmu, Baffa ya shigo da la'asar, Inna na tankaɗe, ni ina gyaran zogale. Ya zauna kan turmi ya cire hula.

"To, an sa rana kahin azumi. Ni za ni yi walicci, kamar yadda anka yi na Sahura."

Na ce, "Baffa, ai Baba na nan da ranshi."

"Wa yac ce ba shi nan? Ke ɗiyar ga, mi kika son a yi? Malammai su taho tun daga Gummi, su ce suna biɗar aure, a yi tsit ana kallon Yaya? Ni ba ni bari a yi mai dariya."

Kada ku zagi Baffana. Tun suna yara shi ne bakin Baba a kasuwa da asibiti, haƙorinsa na gaba ma a dambe ya bar shi, ranar da wasu yara suka yi wa Baba ature. Sai dai maganar hannun Baffa ba ta wuce "zo", "ci", "tafi" da "an gama" ba. Za a yi awa guda ana tattaunawa, Baba ya tambaye shi me aka ce, ya ɗaga masa babban yatsa. Shi ke nan fassarar.

Baba yana zaure kan kekensa, ya hango fuskokinmu ta ƙofa. Ya ɗaga mini gira. Ni kuwa ban taɓa rage masa zance ba, na zayyana masa tas. Ya ce, "Bar shi kawai," ya ci gaba da taka keke. Da na leƙa bayan magariba na tarar ya ɗinke bakin aljihun rigar mutane ruf, yana zaune yana farkewa.

Da Junaidu ya zo zance na gaya masa. Yana sanye da farar shadda, ƙamshin turarensa ya cika soron. Ya bugi ƙirji.

"Malama, ki bar mani wanga. Ni na san abin yi."

Ku san halin maza in sun ce sun san abin yi: ba sa tambaya. Akwai walimar saukar Alƙur'ani ta ɗaliban babansa a Gummi, sai ya aiko wa Baba gayyata ta musamman, ya kuma ɗauko tafintan kurame tun daga Gusau, malamin makaranta ne, gwani. Nufinsa a gwada a gani, in ya yi kyau shi zai tsaya ranar ɗaurin aure. Ni ban san da zancen tafintan ba sam. Na dai ga Baba ya saɓa shaddarsa ruwan toka wadda ya yi wa aiki da hannunsa, ya kafa hula, ya fesa turaren Inna har sai da ta yi mita, su da Baffa suka hau motar Gummi.

Bayan azahar wayata ta yi ƙara. Bidiyo ne, da rubutu a ƙasa:

"Malama, duba ki gani. Yau Baba ya ji wa'azi." Har da 'yar fuskar nan mai baƙin tabarau.

Na shige ɗaki na buɗe. Ga rumfa, ga ɗalibai da allunansu masu zayyana, ga tafinta tsaye kusa da Malam, hannunsa na gudu gwanin sha'awa, yana jera haruffan boko da yatsu. A bayan Baba akwai samari kurame na Gummi da Bukkuyum da suka ji labari suka zo, waɗanda suka yi makaranta. Fuskokinsu kamar an kunna fitila, ɗaya har yana share ido da hularsa. Sai hoton ya sauka kan Baba, a kujerar gaba, yana murmushi yana gyaɗa kai.

Na san murmushin nan. Shi yake yi wa mai kawo yadin da bai isa ba ya ce a fitar masa da babbar riga. Malam yana bayanin kwanciyar kabari, jama'a sun yi jugum, Babana yana ta murmushi.

Abin da Junaidu bai sani ba, mutane da yawa ma ba su sani ba, maganar hannu ba ɗaya ba ce. Akwai ta makaranta, mai haruffa. Akwai kuma ta gari, wadda Baba da tsaransa suka tashi da ita a kasuwa da bakin masallaci. Baba bai taɓa shiga aji ba. A wurinsa tafintan nan da mai yi masa Turanci duk ɗaya ne.

Da suka dawo na kai masa ruwa na zauna a gabansa.

Ya ce, "An karrama ni. Shinkafa da naman rago. Yaron nan yana da hankali."

"Wa'azin fa?"

Ya dubi ƙofa, ya dawo da ido kaina. "Mutumin yana da kyawun hannu. Ban san me ya ce ba." Sai ya kama yatsuna ya riƙe, kamar yadda ake toshe wa mutum baki. "Kada ki gaya wa yaron. Ya yi ƙoƙari."

Baffa kuwa ya riga ya gano, don tun a mota Baba ya tambaye shi me aka ce. Ya tsaya a tsakar gida yana kaɗa carbi.

"Kin gani ko? Har gwani anka ɗauko, bai gane ba. Shi ke nan, a bar ni in yi abin da nis saba."

A nan ne na saɓa wa Baba, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi. Na kira Junaidu na gaya masa gaskiya.

"To mi kika son in yi, Rufaida? Na yi iya yina."

"Abin da kay yi bai hwaɗi ƙasa ba. Ka ga samarin ga da sunka zo? Wanga na wa'azin hwarko da sunka gane a rayuwarsu. Amma Baba dabam na."

"To wa za ya iya da Baba?"

"Mutum guda ta. Ni."

"Ke? Amarya?"

Na ce masa e, amarya. Na shimfiɗa masa yadda na tsara. Kada a kai ɗaurin auren masallaci, a yi shi a ƙofar gidanmu kamar yadda iyaye suke yi da. A shimfiɗa tabarmi, jama'a su ba zaure baya, Baba shi kaɗai ya fuskance shi. Ni in zauna daga ciki, a ɗage asabari ta gefe guda, ina jin lasifika ina juya masa. Ba wanda zai gan ni sai ubana.

Ya ce, "Malam ba shi son sabon abu cikin sha'ani."

Na ce, "Ni kuma ba ni son a bayar da ni ubana na kallon bakin mutane. Ka kai mai zancen. In yac ce a'a, ka hwaɗa mani da wuri."

Ban san ta inda zancen ya fita ba, amma washegari da hantsi sai ga Goggo Hure, mayafi a kafaɗa, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Ina marar kunyar take? Ke! Amarya da anka sani tana ƙuryar ɗaki tana kuka, ke ce za ki zauna zaure kina jin ana ɗaura maki aure? Har ki hwaɗa da hannunki? Mu lokacinmu ko sunan mijin anka ambata, gudu muka yi!"

"Goggo, to wa za ya gaya ma Baba?"

"A gaya mai bayan an ƙare!"

"Haka anka yi mai na Sahura."

Goggo ta gyara mayafinta. Ta juya kan Inna. "Ke kuma kina ji kin yi shiru?"

Inna ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "Ni dai ɗiyar mijina ta. In shi za ya bayar, ban ga abin hwaɗa ba."

Goggo ta fita tana cewa gidan nan kowa ya sha ya ƙoshi.

Daga nan Junaidu ya ɗauke wuta. Na tura masa "Barka da asuba", alamar ta yi shuɗi, ba amsa. Na tura "Alaramma, lafiya?", shuɗi, ba amsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji tsoro. Ina son yaron nan. Ina son yadda yake sunkuyar da kai in zai yi dariya. Na kwanta na lissafa yadda za a ce 'yar kurman nan ta kori ɗan malamai da iyayinta. Amma ko sau ɗaya ban ɗauki waya da niyyar janyewa ba. Na ci tuwona, na je Islamiyya, na hau bencina.

Ranar Juma'a da yamma yaro ya shigo ya ce ana sallama da Rufaida. Na sa hijabina mai ruwan ƙasa, na ɗan goga hoda don kada ya ga alamar na damu. Na same shi a soro, ya rame kaɗan, abin da ya yi mini daɗi.

"Kwana nawa ina juya yadda za ni tunkari Malam," ya ce. "Jiya niy yi ta maza."

"Mi yac ce?"

"Tambaya guda yay yi. Yac ce, shi Malam Makau shina gane ta dut? Nic ce ƙwarai. Sai yac ce, mu da Allah ya ba ji, lasihika muka sawa don mu ƙara ji, shi kuma a hana mai tashi lasihikar? Yac ce waliyyi ya kamata ya san abin da shika bayarwa, kuma ishararshi ta isa in shaidu sun gane ta." Ya ɗan murmusa. "Har yac ce a sake kiran tahintan Gusau da azumi sabadda samarin ga. Kuma wai in gaya maki za ya numhwasa."

Na juya masa baya don kada ya ga bakina ya ƙi rufuwa.

Ranar ɗaurin aure, mai lalle ta so ta cika mini hannu da zane har gwiwa. Na ce a'a, ja kawai a kan yatsu, don zane yana ruɗa idon mai kallo. Ƙawayena suka kawo leshi mai walƙiya, na ajiye shi sai anjima, na sa baƙin hijabi wanda hannu ke fitowa sarai a kansa. Inna da kanta ta share zauren, aka fitar da keken Baba, ta buɗe ƙofar ciki don haske ya sauka a kaina. Ta ajiye mini kujera 'yar tsugune. Goggo Hure kuwa ta zo ta tokare ƙofar cikin, ta ce in za a yi abin kunya gara a yi shi a gabanta, kuma duk macen da ta leƙo sai ta ci mata mutunci.

Ta gefen asabarin ina hango bayan mutane, huluna da rawuna, da ƙwaryar goro da dabino a tsakiya. Sai fuska ɗaya tak da ke kallona. Baba, cikin farar babbar riga, Baffa a damansa ya ba ni gefe, ya haɗe rai.

Malam Mahmuda ya buɗe da addu'a, a hankali, yana tsayawa. Na fara. Na gaya wa Baba an yi salati, na gaya masa wanda ya yi magana da wanda ya amsa. Da wani tsoho ya yi barkwanci a kan goron aka yi dariya, na juya masa, ya yi tasa dariyar tare da mutane har wasu suka dube shi suna mamaki. Aka ambaci sadaki, na faɗa masa. Aka jero cinta da shanta da suturarta da lafiyarta da iliminta, na jero masa, ina jin Goggo a bayana tana salati ƙasa-ƙasa.

Sai wakilin ango ya gyara murya.

"Muna biɗa ma ɗanmu Junaidu auren ɗiyarku Rufaida."

Sunana a wurin Baba shi ne yatsa a kan kumatu, inda nake da ɗan tabo. Na yi alamar Junaidu, na yi alamar aure, na ɗora yatsa a kumatuna. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi, amma ban sunkuyar da kai ba, don in na sunkuyar ba zai ga fuskata ba.

Wuri ya yi tsit. Baba bai motsa ba.

Wakilin ya maimaita. Na maimaita. Shiru. Na ga wuyan Baffa yana motsi, ya matso gaba, ya buɗe baki zai ce "mun bayar" kamar yadda ya saba. Baba ya ɗora masa hannu a gwiwa ba tare da ya dube shi ba. Baffa ya haɗiye maganarsa.

Sannan Baba ya ɗago hannuwansa daidai ƙirji, ya yi mini magana a gaban malaman Gummi da dattawan Anka, ba wanda ya san me yake cewa.

"Ba a taɓa tambayata ba, shi ya sa na san zafin abin. Ke kina son shi?"

Jama'a, wace 'ya ce ubanta ke yi wa wannan tambayar, kuma a wannan wurin? Hawaye suka zubo mini, na bar su, don hannuna na da aiki.

Na ce, "Ina son shi, Baba."

"Ba don ni ba? Ba don ya kai ni walima ba?"

Dariya ta kusa ƙwace mini cikin kukan. "Ba don naman rago ba. Ina son shi."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya juya ga wakilin ango, ya kama hannunsa na dama ya buɗe tafin. Ya ɗora yatsa a nasa kumatun, wato sunana, ya dafa ƙirjinsa, ya kwaso kamar mai ɗebo abu mai nauyi da hannu biyu, ya zuba a tafin mutumin, ya naɗe masa yatsu a kai, ya riƙe gam.

Wannan ba ta bukaci tafinta ba. Baffa Saminu ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa.

Malam Mahmuda ya ce, "Waliyyi ya bayar. Shaidu, kun gani?"

Ƙofar gidanmu ta amsa da murya ɗaya: "Mun gani!"

Baba ya ga bakuna sun motsa gaba ɗaya, ya waigo da sauri ya ɗaga mini gira. Na ɗaga hannu zan gaya masa, sai na tarar yatsuna suna rawa, sun ƙi tsayawa. Na gwada, na sake gwadawa, abin ya gagara. Ga ango ya samu mata, ga tafinta ta kasa a bakin aiki.

Sai na ji an dafa kafaɗata. Goggo Hure ce ta sunkuyo ta saman kaina, fuskarta sharkaf, ɗankwali ya zame. Ita da ban taɓa ganin ta yi wa Baba magana da hannu ba sai dai ta nuna masa kwanon tuwo. Ta nuna jama'ar, ta nuna idonta, sannan ta miƙa yatsa ta nuna yayanta.